Ba Kowane Tsami Kanwa Ke Kashewa Ba: Nazarin Dalilan Faɗuwar Ma'aunin pH a Tankin Ruwan Gishiri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilan da ke sa ma'aunin pH ya faɗi a tankin da ake kiwon kifaye da murjanin teku a cikinsa. Manufarta ita ce fito da waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya, da nuna wanda ya fi yawan aukuwa, tare da gwada yadda Hausa za ta ɗauki bayanin kimiyyar sinadarai da kalmominta na gida. An bi hanyar bitar abin da masana sinadaran teku suka tabbatar, aka kuma auna shi da abin da ke faruwa a cikin tanki. Nazarin ya gano cewa abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin inda ma'aunin zai tsaya, wato yawan iskar kabon dayoksaid da ta narke a ruwa da kuma ƙarfin kanwar ruwan. Ya kuma gano cewa a mafi yawan tankunan gida, iskar ɗakin da aka ajiye tankin ita ce tushen matsalar, alhali maganin da aka fi gaggawar yi shi ne zuba hodar kashe tsami, wadda kan haifar da wata cutar daban.

Fitilun Kalmomi: tankin ruwan gishiri, ma'aunin pH, tsami, ƙarfin kanwa, kabon dayoksaid, murjani

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsami yana da makari. Idan yakuwa ta cika tsami a tukunya, mai girki takan jefa ɗan gutsuren kanwa, nan take miyar ta daidaita. Daga wannan ilimi na madafa ne aka sami karin maganar da ke cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Masu kiwon halittun teku a tankunan gilashi, a Turai da Amurka da Asiya, su ma suna da irin wannan tunani. Da zarar na'urar awo ta nuna ruwan tanki ya karkata zuwa tsami, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne su nemo hodar da za ta kashe shi. Sau da yawa ma'aunin yakan ɗaga na 'yan sa'o'i, ya sake komawa inda yake, a ƙara hoda, ya sake faɗuwa, har a wayi gari murjanin da aka shafe shekaru ana reno ya fara mutuwa.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me ke jawo faɗuwar ma'aunin tun farko, kuma me ya sa maganin da ke aiki a tukunya ba ya yin aiki a kowane tanki? Amsar tana da muhimmanci ga mai kiwo, domin rayuwar halittunsa da dukiyar da ya zuba sun rataya a kanta. Tana kuma da muhimmanci ga mai nazari, domin abin da ke faruwa a tankin lita ɗari biyu shi ne ke faruwa a manyan tekunan duniya a yau. An taƙaita nazarin a kan tankin da ruwansa ke zagayawa a rufe, ba a shiga batun kiwon kifin ruwan daɗi ba.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Tankin Ruwan Gishiri

Tankin ruwan gishiri akwati ne na gilashi da ake cika shi da ruwan teku, ko ruwan da aka haɗa da gishirin musamman har ya yi daidai da na teku, wato kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa. Ana kiwon kifaye a ciki, da jatan lande, da murjani. Murjanin da Bahaushe ya sani shi ne jan dutsen ado na wuya da hannu, amma asalinsa ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ce da ke zaune a wuri ɗaya tana gina wa kanta gida da sinadarin kalsiyam kabonet. A wannan maƙala, kalmar tana nufin dabbar mai rai.

Wannan sana'a ta faro ne a Ingila. A shekarar 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta ɗebo murjani daga gaɓar Torquay ta kai shi Landan, ta kuma raya shi na kusan shekara uku. Dabararta ita ce a riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga, domin ya sha iska. A shekarar 1853 aka buɗe gidan kifi na farko don kallon jama'a a gidan namun dajin Landan, sannan a 1854 Philip Henry Gosse ya wallafa littafin da ya yaɗa wannan sha'awa a gidajen mutane.

2.2 Ma'aunin pH

Ma'aunin pH awo ne na yawan ƙwayoyin haidirojin masu sa ruwa tsami. Masanin sinadarai Søren Sørensen ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1909 a ɗakin bincike na Carlsberg da ke Kofanhegan, babban birnin Denmak. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ke ƙasa da ita yana ɓangaren tsami, kamar ruwan tsamiya da na lemun tsami, abin da ke sama da ita kuma yana ɓangaren kanwa, kamar ruwan toka. Ruwan saman teku a yau yana wajen 8.1, ke nan yana ɓangaren kanwa. Idan aka ce ruwan tanki ya yi tsami, ana nufin ya matso ƙasa daga inda ya kamata ya tsaya, ko da bai kai 7 ba.

Abin lura a nan shi ne, matakan ma'aunin ninkawa suke yi. Faɗuwar lamba ɗaya cikakkiya tana nufin ƙwayoyin haidirojin sun ninka sau goma. Saboda haka, faɗuwa daga 8.1 zuwa 7.8, wadda ido zai raina, tana nufin sun ninka sau biyu. Masu kiwon murjani sukan so ma'aunin ya tsaya tsakanin 8.1 da 8.3, kuma sukan ɗauki 7.8 a matsayin iyakar ƙasa.

2.3 Ƙarfin Kanwa

Akwai wani awo na biyu da ake yawan rikita shi da na farko. Shi ne yawan asid ɗin da ruwa zai iya shanyewa kafin ya koma mai tsami sosai. Wannan maƙala ta zaɓi kiran sa ƙarfin kanwa bisa dalilai biyu. Na farko, kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga ta kudu maso gabashin Nijar ta ƙunshi sodiyam kabonet da sodiyam bayikabonet, kuma kabonet da bayikabonet su ne ainihin abin da ke ba ruwan teku wannan ƙarfi. Na biyu, kalmar aro ta alkali tana saurin rikicewa da alƙali a rubutu da furuci. Ana auna ƙarfin kanwa da ma'aunin dKH. Na ruwan teku yana wajen 6.5 zuwa 7, na tankunan murjani kuma akan riƙe shi tsakanin 7 da 11.

Bambancin awon biyu kamar bambancin abin da ke aljihun mutum a yau ne da abin da ke rumbunsa. Ma'aunin pH yana faɗin halin da ruwa ke ciki a wannan sa'a, ƙarfin kanwa kuma yana faɗin tanadin da ruwan ke da shi na jure tsami.

3.0 Dangantakar Iska da Ruwa

A shekarar 1803 William Henry ya nuna cewa yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana bin yawanta a sararin da ke saman ruwan. Kabon dayoksaid ta bambanta da iskar oksijin ta fuska ɗaya: idan ta shiga ruwa takan haɗu da shi ta zama asid mai rauni, wanda ke rabuwa zuwa bayikabonet da ƙwayar haidirojin. Wannan ƙwaya ita ce ke saukar da ma'auni. Wasu daga cikin ƙwayoyin kuma sukan kama kabonet ɗin da ke ruwan su mayar da shi bayikabonet. A ruwan teku na yau da kullum, kusan kashi 90 cikin 100 na narkakken kabon bayikabonet ne, kusan kashi 9 kabonet ne, ita kuwa narkakkiyar iskar ba ta kai kashi 1 ba.

Daga wannan ne aka sami ƙa'idar da dukkan nazarin ya ginu a kanta. Idan gishiri da zafin ruwa ba su canza ba, abubuwa biyu ne kaɗai ke tsayar da ma'aunin pH: ƙarfin kanwa da yawan kabon dayoksaid. Duk wani dalilin faɗuwa da za a ambata, ko dai yana ƙara iskar ne, ko yana rage ƙarfin kanwa. Haka kuma, shigar iskar ko fitarta ba ta taɓa ƙarfin kanwa ko kaɗan. Ruwa zai iya kasancewa da cikakken ƙarfin kanwa, amma ma'auninsa na pH yana ƙasa. A lissafi, duk lokacin da iskar ta ninka sau biyu, ma'aunin yakan sauka da kimanin 0.25 zuwa 0.3.

4.0 Dalilan Faɗuwar Ma'auni

4.1 Iskar Ɗaki

Wannan shi ne dalilin da ya fi yawa, kuma shi aka fi mantawa da shi, domin ba a cikin tankin yake ba. Iskar waje a yau tana ɗauke da kabon dayoksaid kimanin kashi 420 cikin miliyan. Numfashin da mutum ke fitarwa kuwa yana ɗauke da kusan kashi 4 cikin 100, wato kusan ninki ɗari na iskar waje, kuma baligi yakan fitar da kusan kilo ɗaya na wannan iska a kowace rana. Idan aka haɗa mutanen gida, da murhun gas, da tagogin da aka rufe saboda sanyi ko saboda na'urar sanyaya ɗaki, iskar ɗaki takan wuce kashi 1,000 cikin miliyan ba tare da kowa ya ji wani canji a jikinsa ba. Gidajen zamani da aka toshe kowace kafa tasu don tattalin wutar lantarki sun fi fama da wannan.

Ga misali na lissafi. Tankin da ƙarfin kanwarsa ya kai 7 dKH, idan ruwansa ya daidaita da iskar waje, ma'auninsa zai tsaya tsakanin 8.1 da 8.2. Idan aka kai shi ɗakin da iskarsa ta kai kashi 840 cikin miliyan, zai sauka zuwa wajen 7.9. Idan ta sake ninkawa, zai kusanci 7.6. Babu abin da ya canza a ruwan, ko a kifin, ko a abincin da ake ba su. Wannan ne ya sa masu kiwo a ƙasashen sanyi ke ganin ma'auni ya faɗi da hunturu ya tashi da bazara, wasu kuma su ga ya faɗi a daren da aka yi baƙi da yawa a falo, ya kuma ɗaga a makon da iyali suka yi tafiya.

4.2 Ƙarancin Musayar Iska

Wani lokaci iskar ɗaki lafiya lau take, amma iskar da ake samarwa a cikin tanki ba ta samun hanyar fita. Musayar iska a fuskar ruwa take faruwa. Murfin gilashi da ya rufe tanki ruf, da fuskar ruwa da ba ta motsi, da yanar maiƙo da kan taru a sama, da tanki mai zurfi mai ƙaramin baki, duk suna rage ta. Akwai kuma wani abu da ke ruɗar masu kiwo. Oksijin yakan daidaita da iskar sama cikin sauri, amma kabon dayoksaid tana ɗaukar lokaci mai tsawo, domin duk wadda ta fita, taskar bayikabonet takan mayar da gurbinta. Saboda haka kifi zai iya samun isasshen oksijin, ba ya haki ba ya tasowa sama, alhali ruwan na maƙare da iskar da ke saukar da ma'auni.

4.3 Numfashi, Ruɓewa da Juyin Dare da Rana

Kowace halitta a tanki tana fitar da kabon dayoksaid, tun daga kifi har bakteriyar da ke cikin yashi da ramukan duwatsu. Cunkoson kifi, da yawan ba da abinci, da tarin kashi da ragowar abinci a lungunan da ruwa ba ya ratsawa, duk suna ƙara yawan abin da bakteriya za su ruɓar, kuma ƙarshen ruɓewa iskar ce. A ɗaya ɓangaren, gansakuka da ƙananan tsirran da ke zaune a cikin naman murjani suna shan iskar idan akwai haske, domin da ita suke haɗa abinci. Wannan ne ke haifar da hawa da sauka na kullum: ma'auni yakan kai ƙololuwa dab da kashe fitilu, ya kuma kai ƙarshen faɗuwarsa dab da kunna su da safe. Bambancin 0.1 zuwa 0.3 tsakanin dare da rana abu ne da aka saba gani. Wanda ya auna da asuba kawai zai ɗauka tankinsa na cikin haɗari, wanda ya auna da yamma kawai kuma zai ɗauka babu komai.

4.4 Raguwar Ƙarfin Kanwa

A nan ne kaɗai karin maganar Bahaushe ta faɗa daidai, domin tanadin ruwan ne ya ƙare. Hanyoyi biyu ne manya da ke cinye shi. Ta farko ita ce ginin ƙashi. Murjani da kawa da jar gansakuka mai tauri suna ɗaukar kalsiyam da bayikabonet su gina jikinsu, kuma a duk miligiram 20 na kalsiyam da suka ɗauka daga lita ɗaya, ƙarfin kanwa yakan ragu da 2.8 dKH. Ruwan teku yana da kalsiyam kimanin miligiram 420 a lita, ke nan ƙarfin kanwa zai ƙare tun kalsiyam bai nuna wata raguwa ta a zo a gani ba. Bugu da ƙari, shi kansa ginin ƙashin yana sakin kabon dayoksaid a ruwa.

Hanya ta biyu ita ce aikin bakteriyar da ke tsabtace tanki. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce. Bakteriya irin su Nitrosomonas da Nitrospira suna mayar da ita naitiret, wanda ba shi da wannan haɗari, amma a cikin aikin sukan saki ƙwayoyin haidirojin. Taruwar miligiram 50 na naitiret a lita tana cin kimanin 2.3 dKH. Tsohon tankin kifi zalla da aka daɗe ba a canza masa ruwa ba ya fi faɗawa wannan hali, domin mai shi yakan ɗauka tunda babu murjani, babu buƙatar auna ƙarfin kanwa.

4.5 Na'urori da Abubuwan da Ake Zubawa

Wasu kayan aikin da aka sa don gyara su ma suna saukar da ma'auni. Na'urar narkar da kalsiyam tana amfani da kabon dayoksaid daga tukunyar gas domin ta narkar da tsakuwar murjani a ma'aunin da ke wajen 6.5, kuma ruwan da ke ɗigowa daga cikinta yakan shigo tanki da ragowar iskar. Masu zuba ruwan khal ko sukari don ciyar da bakteriyar da ke rage naitiret su ma suna ƙara iskar, tunda ita ce abin da bakteriyar ke fitarwa. Hatta sodiyam bayikabonet, hodar da masu gashin kek ke amfani da ita, tana ɗaga ƙarfin kanwa amma takan ɗan saukar da pH a lokacin da aka zuba ta. Na'urar kwashe kumfa kuwa, wadda ke cakuɗa ruwa da iska mai yawa, tana iya zama magani ko cuta, gwargwadon irin iskar da take zuƙa.

4.6 Kuskuren Awo

Ba kowace faɗuwa ce ta gaskiya ba. Sandar awo ta lantarki tana tsufa, tana kuma kaucewa a hankali idan ba a daidaita ta da ruwan gwaji mai lamba 7 da mai lamba 10 ba. Shi kansa ruwan gwajin mai lamba 10 yakan sha iska ya lalace idan aka bar shi a buɗe. Awon da ake yi da ɗigon launi kuma ya dogara ga ido da hasken ɗaki. Idan na'ura ta nuna lambar da ke ƙasa da 7.5 a tankin da ke da yashin murjani, kuma kifaye na walwala, na'urar ce abin fara tuhuma, domin a irin wannan mataki yashin kansa yakan fara narkewa ya tare faɗuwar.

5.0 Illar Faɗuwar Ma'auni da Illar Gurguwar Fahimta

Kifaye da yawa suna jure 7.8 ba tare da wata alama ba. Masu gina ƙashi ne ke ɗanɗana kuɗarsu, domin faɗuwa daga 8.1 zuwa 7.8 tana rage kabonet ɗin ruwa da fiye da kashi ɗaya bisa uku, sai ginin ya yi musu tsada, girmansu ya ragu. An gwada wannan a katafaren tankin Biosphere 2 da ke jihar Arizona ta Amurka, inda Chris Langdon da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000 cewa saurin ginin ƙashi yana sauka ne tare da saukar kabonet a ruwa.

Illar da ta fi wannan saurin kisa ita ce ta barin jaki a daki taiki. Idan iskar ɗaki ce ta ninka, sai an kusan ninka ƙarfin kanwa, daga 7 zuwa wajen 14 dKH, kafin ma'auni ya koma inda yake. Mai zuba hoda kullum yana ganin ɗagawa ta ɗan lokaci, sannan ruwan ya sake zuƙo iska daga ɗaki ya sauka, amma hodar tana nan tana taruwa. Daga nan sai kalsiyam kabonet ya fara daskarewa a jikin famfuna da na'urar ɗumama ruwa, kalsiyam ɗin ruwa ya ragu, kan rassan murjani masu laushi ya fara ƙonewa. Akwai kuma haɗari ga kifi: a ruwan da ma'auninsa ke ƙasa, mafi yawan amoniya tana cikin siffar da ba ta da dafi sosai, amma ɗaga ma'auni farat ɗaya yakan mayar da wani kaso nata zuwa siffa mai kisa.

6.0 Hanyar Gano Dalili da Magance Shi

Matakin farko shi ne tabbatar da na'urar awo, da yin awo sau biyu, da asuba da kuma yamma. Na biyu shi ne auna ƙarfin kanwa. Idan yana ƙasa da 7 dKH, to a nan ne ake ɗaga shi a hankali cikin kwanaki, da sinadari mai tsabta da aka auna, domin kanwar kasuwa tana gauraye da ƙasa da wasu gishirori. Idan kuwa yana daidai, babu sauran wanda ake zargi sai iska.

Masanin sinadarai Randy Holmes-Farley, wanda ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan tankunan murjani, ya bayyana wani gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A ɗebi kofi biyu na ruwan tanki, a hura wa ɗaya iskar ɗaki na tsawon sa'a guda da ƙaramin famfon iska, a hura wa ɗayan iskar waje. Idan duka biyun suka ɗaga, tankin ne ba ya samun isasshiyar musayar iska, sai a cire murfi, a motsa fuskar ruwa, a rage cunkoso da datti. Idan na waje kaɗai ya ɗaga, ɗakin ne ke da matsala. Maganinsa shi ne buɗe taga, ko jawo bututu daga waje zuwa bakin na'urar kwashe kumfa, ko ratsa iskar ta cikin garin soda da farar ƙasa mai shanye kabon dayoksaid, irin wanda ake sawa a na'urar sa barci a ɗakin tiyata. Buɗaɗɗiyar tagar Anna Thynne ta 1846 ke nan a sabuwar siffa.

Akwai ƙarin dabaru biyu da ke rage iskar daga cikin ruwa. Ɗaya ita ce renon gansakuka irin ta Chaetomorpha a wani ƙaramin tanki da ke haɗe da babban, a kunna mata fitila da dare domin ta sha iskar a lokacin da ma'auni ke faɗuwa. Ɗayar ita ce maye gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwan kalsiyam haidiroksaid, wanda ma'auninsa ya kai wajen 12.4. Shi wannan yakan kama iskar ya mayar da ita bayikabonet, amma ɗigo-ɗigo ake sa shi, kuma gwargwadon abin da murjani ke ci, tunda shi ma yana ƙara ƙarfin kanwa.

7.0 Daga Tanki Zuwa Teku

Dangantakar tanki da ɗaki ita ce dangantakar teku da sararin samaniya. Kafin juyin masana'antu, iskar duniya tana ɗauke da kabon dayoksaid kimanin kashi 280 cikin miliyan. Lokacin da Charles David Keeling ya fara awonsa a dutsen Mauna Loa na Hawai a shekarar 1958, ta kai wajen 315, sannan a 2013 ta taɓa 400. A wannan tsakani ma'aunin saman teku ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1, wato ƙarin ƙwayoyin haidirojin na kusan kashi 30 cikin 100.

Abin da ya faru a gidan ƙyanƙyasar kawa na Whiskey Creek da ke gaɓar Netarts a jihar Oregon ya nuna tsadar kuskuren gano dalili. Daga shekarar 2007 'ya'yan kawa suka riƙa mutuwa da yawa, aka ɗora laifin a kan bakteriyar Vibrio tubiashii, aka kashe kuɗi wajen tace ruwa, amma mutuwar ta dawo. Daga baya Alan Barton da masana daga Jami'ar Jihar Oregon suka nuna, a binciken da suka wallafa a 2012, cewa mutuwar tana bin lokutan da ruwan ƙarƙashin teku mai yawan kabon dayoksaid ke tasowa gaɓa. Gidan ya koma ɗibar ruwa a lokutan da ma'auni ke sama, yana kuma zuba masa sodiyam kabonet. A can kanwa ta yi aiki, domin ruwan wucewa yake yi ya koma teku, babu inda za ta taru. A rufaffen tanki kuwa, duk abin da aka zuba yana nan har sai an ci shi ko an kwashe shi.

8.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, dukkan dalilan faɗuwar ma'aunin pH a tankin ruwan gishiri suna komawa ga ƙaruwar kabon dayoksaid ko raguwar ƙarfin kanwa, in ban da kuskuren awo. Na biyu, a tankin da ake kula da ƙarfin kanwarsa, iskar ɗaki da ƙarancin musayar iska su ne suka fi yawan zama sanadi. Na uku, zuba hodar kashe tsami yana da amfani ne kawai idan awo ya tabbatar da raguwar ƙarfin kanwa. Na huɗu, ta fuskar harshe, kalmomin tsami da kanwa sun isa su ɗauki wannan bayani, muddin aka bambanta halin da ruwa ke ciki da tanadin da yake da shi, kamar yadda aka yi da ma'aunin pH da ƙarfin kanwa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi dalilai shida da ke sa ma'aunin pH ya faɗi a tankin ruwan gishiri, ta nuna yadda ake rarrabe su da awo biyu da gwajin kofi biyu, ta kuma danganta su da halin da tekunan duniya ke ciki. Ta nuna cewa hikimar da ke cikin karin maganar kanwa da tsami tana da gurbi a kimiyya, amma tana da iyaka: tsamin da ke zuwa daga ƙarewar tanadi kanwa ke kashe shi, wanda ke shigowa daga iska kuma sai an gyara iskar. Akwai buƙatar masana Hausa su haɗa hannu da malaman sinadarai wajen tattara kalmomin madafa da marina da majema da suka shafi tsami da kanwa da toka, a tantance ma'anarsu ta kimiyya, domin su shiga littattafan koyar da kimiyya da Hausa.